Mai Sikeli da Kilo Sittin da Takwas

Babana bai iya zama ba. Ko ziyara ya je gidan mutane, minti goma ya ishe shi ya fara waige-waige yana neman abin da ya karkace don ya daidaita. Gyaran sikeli ne sana'arsa, shekara talatin da ɗoriya, har sunansa na gaskiya ya ɓace a bakin mutane, kowa sai Mai Sikeli. Shagonsa ɗan lungu ne a bayan kasuwa, tsakanin mai walda da mai sayar da buhuna, amma da wuya ka same shi a ciki. Kullum yana tafe da jakar kayan aiki, daga wurin mahauta zuwa masu hatsi, daga nan zuwa sito-sito inda manyan sikeli suke.

Waɗannan manyan su ne abin alfaharinsa. Ƙarafan awon da yake gwaji da su ba su wuce kilo ashirin ba, don haka in ya gama gyaran babban sikeli sai ya tuɓe takalmi ya hau da kansa. Kilo sittin da takwas yake, tun ina goye har na haifi nawa 'ya'yan. In allura ta nuna sittin da tara, to sikelin ne maƙaryaci, sai ya sauko ya sake kwance shi. Masu sito suna yi masa dariya, amma ba wanda ya taɓa kama shi da kuskure.

Bara ne zuciyarsa ta gaza. Likita ya ce ta yi rauni, ba ta tura jini yadda ya kamata, shi ya sa ruwa ke taruwa a ƙafafunsa da huhunsa. Kwana goma sha biyu ya yi a asibiti suna fitar da ruwan da magani. Ranar sallama aka auna shi, sittin da takwas cif, ya kalle ni kamar wanda ya ci shari'a.

Wata nas mai sanyin murya ta zaunar da mu ta yi bayani. Kowace safiya ƙarfe bakwai saƙo zai shigo wayarsa da tambaya uku: nauyinsa, kumburin ƙafa, da numfashi. In nauyin ya ƙaru da kilo biyu cikin kwana uku, ba ƙiba ba ce, ruwa ne, za su kira su gyara masa magani tun bai kai huhu ba. Ta miƙa masa ɗan sikelin da ake takawa. Baba ya juya shi ya leƙa ƙarƙashinsa, ya taɓe baki. Na ga wannan taɓe bakin da idona, ban kuwa ce komai ba. Har yau abin yana cina.

A gida an hana shi ɗaukar jaka, an hana shi kasuwa. Gwaggo, ƙanwarsa da ke kula da shi tun rasuwar Mama, ta riƙa kirana tana kai ƙara: ya cire ƙofar kicin wai tana ƙara, ya kwance agogon bango, ya ɗaure hannun tukwanen da ba su ce suna ciwo ba. Ni kuma ga koyarwa ga yara uku, sai Asabar nake zuwa. In na tambayi saƙon asibiti sai ya miƙo min wayar da gadara, sittin da takwas a jere, tambayar ƙafa da ta numfashi kuma duk ya amsa da sauƙi. Na lura ya koma sa silifa, na ga matasan kai uku a gadonsa, amma lambar ta kwantar min da hankali.

Wata ranar Laraba ina tsakiyar darasi nas ɗin ta kira ni.

"Malama, kwana goma sha uku ke nan Baba yana turo mana sittin da takwas, ba ƙari ba ragi. Jikin mutum ba ya haka. Na kira shi ya ce lafiya lau, amma sai da ya huta sau biyu kafin ya gama faɗa. Don Allah ki je ki duba shi yanzu."

Da alli a hannuna na fita. Motar haya ta tsaya a kowane lungu kamar da gayya, har na sauka na ƙarasa da ƙafa. Na same shi tsaye ya dafa taga, kwanciya ta gagara, zama ya gagara, yana jan numfashi da baki. Idon sawunsa ya ɓace cikin kumburi. A kusurwar ɗaki ga sikelin, ba kowa a kansa, amma allurar tana bayan sifili da layi biyar, kilo biyar ke nan.

"Baba, me ka yi wa sikelin nan?"

"Gyara shi nake yi, Uwata. Ɗan banza ne, kusan kullum sai ya ƙara rabin kilo. Ni da ko abincin kirki ba na ci, ta ina zan ƙaru?"

Na durƙusa na juya ɗan ƙarfen da ke ƙarƙashi har allurar ta koma sifili, na ce ya hau. Saba'in da uku. Ya daɗe yana kallonta. Sai ya sauka ya tambayi nauyina, ya sa na hau, ya sunkuya da ƙyar ya duba da kansa. Bai sake gardama ba, ya ce Gwaggo ta nemo mota.

Kwana tara muka ƙara a asibiti. Likita ya ce da an ƙara kwana biyu da labarin ya canza, kuma zuciyar ba za ta koma ko yadda take a sallamar farko ba. Nas ɗin ba ta yi masa faɗa ba. Ta sauya masa sikeli mai nuna lamba, wanda ba shi da abin juyawa. Ni ma na sauya hanya, yanzu ta gidan nake bi kowace safiya kafin makaranta.

Makon jiya ya hau, lamba ta nuna sittin da tara da rabi, washegari saba'in. Ya sauka ya sake hawa. Ya zagaya ɗakin sau biyu yana murza yatsu, ya buɗe labule ya rufe, ni kuwa na dafe bakina ina kallon agogo. Can ya zauna bakin gado ya danna lambar yadda take, ya tura. Ba a yi minti biyar ba wayar ta yi ƙara, nas ɗin ce, ya ɗauka da kansa.

"Eh, 'yata, ni ne," ya ce. "Sikelin lafiyarsa ƙalau. Ni ne ba lafiya."