Dangin Murzuna

Shekarar da soja suka karɓi mulki, ruwa ya ɗauke mana tun hatsi bai gama cika ido ba. Ɗan abin da ya tsira a gonarmu ta hanyar Dawce, murzuna ta bi shi. Tsutsa ce ƴar ƙarama mai shiga zangarniya tana ci tana zagayawa, in ka girgiza sai gari ya zubo. Baba ya tsaya a tsakiyar gona ya yanke hukunci, shi ne alƙali shi ne shaida: ƙanensa, wanda muke kira Baffa, shi ya kawo ta cikin irin da ya sayo a Kano da ya je cirani. Ya faɗa a gona, ya maimaita a ƙofar masallaci, magana kuwa zarar bunu ce. Baffa ya daina shigowa gidanmu, ko gaisuwar juma'a.

Abin da ya fi damuna shi ne iri. Kafin tsakiyar rani mun cinye namu, har wanda Inna ta ɓoye a tulu. A duk dangi Baffa kaɗai ke da saura, irin Kanon nan mai saurin nuna. Baba ya ce gwamma gonarsa ta zauna haka nan da ya shuka cuta da hannunsa. Na san in bai sauko ba, damina mai zuwa ma ba mu da komai.

Lokacin ina karatun aikin gona a Yamai. Na gaya masa murzuna ba ta bin iri, cikin ƙasa take kwanciya duk rani tana jiran ruwa. Ya tambaye ni ko na taɓa kwana tare da ita. Baba mutum ne da ba ya sayen tunkiya sai ya ji labarin uwarta da kakarta. In ba ka kawo masa asali ba, ba ka faɗi komai ba.

Asalin kuwa akwai inda ake nemansa. Tun da kaka na tsinci tsutsotsi daga gonakin biyu, na zuba su a kwalabe da alkol, ruwan da ke hana su ruɓewa, saboda aikin malaminmu. A shingen soja wani ya ɗaga kwalba ɗaya ya duba a rana, ya tambaye ni ko yunwar ta kai haka a wajenmu. An aika su waje aka karanto ƙwayoyin halittarsu, wato rubutun da kowace halitta ke gada daga iyayenta. A intanet akwai wani babban rumbu inda masu bincike ke zuba irin wannan rubutu na ƙwari, tsutsotsi, katantanwa, duk marasa ƙashin baya. Ka sa naka, ya nemo maka waɗanda suka yi kama da shi da inda aka kamo su.

Na lallashi Baba muka je wani shagon intanet a Damagaram. Ya cire takalmi a ƙofa, duk da mai shagon ya ce ba sai ya cire ba. Wuta ta ɗauke, ta dawo, shafin ya buɗe da ƙyar kamar tsohuwa za ta tashi daga tabarma. Fatana shi ne ya nuna tsutsarmu ƴar gida ce tsantsa, in wanke Baffa tas. Bai ba ni haka ba. Ta gonarmu da ta gonar Baffa ɗaya ne, haka ta arewacin Najeriya, haka ta Burkina, har Senegal bambancin bai taka kara ya karya ba. Na ji takaici ƙwarai, na kwaso tsoho na kawo shi ga amsar da ba ta kama kowa ba, ba ta kuma saki kowa ba.

Baba ya daɗe yana kallon rubutun da ba ya iya karantawa.

"Ke, ba ya faɗin wadda ta riga zuwa?"

"A'a, Baba. Cewa kawai yake dangi ɗaya ne."

"Daga nan har Senegal?"

Na ce e. Ya so ya san wa ya zauna ya tara wa tsutsa danginta, na ce mutane ne da yawansu ba su taɓa ganin juna ba. Muka dawo gida Matameye, na koma Yamai da yaƙinin cewa wahalar banza na yi. Har yau nakan buɗe rumbun nan in ga tsutsotsinmu a jere, an rubuta musu Matameye, babu inda aka ce wannan ta gonar wa ce.

Sauran labarin Inna ta ba ni, ita ma daga matar Baffa ta ji. Ranar da hadari ya fara haɗuwa a gabas, Baba ya ɗauki ƙwaryar shuka babu komai a ciki ya fita. Bai aiki kowa ba, bai bi ta bayan gida ba. Ta ƙofar masallaci ya bi, inda mutane ke zaune, har ƙofar gidan Baffa. Baffa ya fito ya ga ƙwaryar, ya ce, "Yaya, irin Kano ne fa."

Baba ya ce, "Na sani. Zuba."

Baffa bai karɓi ƙwaryar ba. Ya shiga ɗaki ya fito da wani ɗan buhu ɗaure, wanda ya ware wa Baba tun ranar da aka yi sussuka.