Wayar da Ta Tsinke Tsakanin Sharada da Bompai

Shekarun baya, tun ciwon baya bai same ni ba, na yi aikin kwamfuta a kamfanin sabulu na wasu wa da ƙane. Babban Alhaji yana Sharada, ƙaramin yana Bompai, sito kuma ɗaya ne, a Challawa. Uwa ɗaya uba ɗaya, komai sai an raba musu daidai. Ko janareto aka saya wa Sharada, sai an saya wa Bompai irinsa.

Haka aka yi da saba, wato babbar kwamfutar da ke riƙe bayanin kayan sito. Ɗaya nan, ɗaya can, wayar faiba da aka binne a ƙasa ta haɗa su. Kullum suna tambayar juna, kina nan? In ɗaya ta ji shiru, sai ta ɗauka 'yar'uwarta ta mutu, ta riƙe aikin ita kaɗai.

Na ce musu da sauran gyara. In wayar ce ta tsinke, kowacce za ta zaci ɗayar ta mutu. Ana bukatar ta uku mai raba gardama, a waje na uku, da layinta da ya bi wata hanya.

Babban ya ce, "To, a sa ta nan Sharada mana."

Ƙaramin ya ce, "Bompai ba waje ba ne?"

Na ce Challawa fa, ranku ya daɗe? Suka ce sai bayan Sallah. Sallah ta wuce, wata ta zo, ni kuwa ina ta zarya a adaidaita sahu kamar mai kai kuɗin aure, har na gaji na yi shiru.

Gab da damina ana yasar magudanar ruwa, katafila ta tsinke wayar. Kowace saba ta naɗa kanta shugaba. Ragowar sabulun sito cikin mota ɗaya ne. Sharada ta ba wani dila daga Haɗejiya, Bompai ta ba wani daga Maraɗi. Da azahar motoci biyu suka yi cirko-cirko a ƙofar sito.

Alhazan suka iso, kowa da rantsuwarsa cewa kwamfuta ta nuna masa kayan suna nan.

Babban ya ce, "Ƙarya kake yi. Ka ga na sayar, ka bi bayana."

A gaban leburori ya faɗa. Ƙaramin ya ce, "Yaya, ni kuke kira maƙaryaci?" Ya shiga motarsa.

Na yi ta cewa duk gaskiya suka faɗa, kowa abin da ya gani ne. Wallahi har muryata ta dishe, ba wanda ya saurare ni.

A makon aka sayi ta ukun, aka kai Challawa. Tun daga nan kwamfutocin ba su sake saɓawa ba, amma Alhazan har yau ba sa magana da juna.

Har yau in na tuna, gajiya nake ji, ba ta jiki ba. Na koyi cewa duk inda biyu ke daidai, a nemo na uku tun ana ga-maciji. Kwanaki na haɗu da ƙaramin Alhajin a wata jana'iza a Zawaciki, na tambaye shi yayansa, don na ji ba shi da lafiya. Ya dube ni ya ce, "Kai da kake ganinsa, yaya jikin nasa?"