Gashin da na manna wa Akwasi

Shekara goma sha ɗaya ina yi wa Akwasi Dapaah aski a shagona na bakin tasha, kowace shekara aikin raguwa yake. Direban tasi ne, mai son fufu da miyar kwakwar manja, ga tumbi. Bai kai talatin ba tsakar kansa ta zama fili.

A nan Kumasi wai sanƙo alamar arziki ce. Abokansa sukan shafa masa kai su ce, "Maigida, kuɗi na tafe, kar ka manta da mu!" Shi ko sai washe baki.

Wata Laraba wata nas ta zo tasha gwajin hawan jini. Ta dubi kansa, ta dubi cikinsa.

"Yayana, sanƙon wuri irin naka, ga ƙiba, kan zo tare da ciwon zuciya ko na suga. Ba lallai ba ne, amma miƙo hannu in gwada."

"'Yar'uwa, ke likitar gashi ce? Fasinja na jira na."

Tasha ta kwashe da dariya. Har da ni, kuma har gobe ina jin haushin kaina.

Matarsa Afrakoma ta roƙi kawunsa Agyei ya sa baki, don maganarsa kaɗai Akwasi ke ji. Tsohon ya ce duk mazan gidansu haka kansu yake, ta daina yi wa mijinta mugun fata.

Yana da shekara talatin da takwas ya yanke jiki ya faɗi yana wanke mota, bai sake tashi ba. Zuciya ce.

Sai ga dangi. Mutanen da suka kasa tura shi gwajin minti biyar, su ne suka ajiye gawarsa wata uku a firjin asibiti suna shirin jana'iza. Aka yi wa gida fenti, aka ɗinka kayan makoki ja da baƙi, aka kira makaɗa. Ana jibi za a shimfiɗe shi jama'a su gani, Agyei ya shigo shagona da gashin kanti a leda.

"Mai aski, kai ka san kansa. Manna masa wannan. Ba za mu kwantar da ɗanmu gaban mutane kai tsirara ba."

"Kawu, ba kai ka ce gadon gida ne ba?"

"Yi aikinka kawai."

Kamar in watsa masa ledar a fuska. Albarkacin Afrakoma ya ci. Na je na manna.

Ran Asabar aka yi layi ana wucewa ta gaban gadon da aka kwantar da shi. Da kunnena na ji wata gwaggonsa na cewa ba ta taɓa ganin Akwasi cikin ƙoshin lafiya irin yau ba.