Kyamarar da Na Yi wa Ƙauyenmu Tasjil da Ita

A kasuwar Damazin na fara ganinta, wata baƙar kyamara tana sheƙi a teburin mai sayar da tsofaffin kaya. Lokacin ni ɗan ƙwadago ne a gonakin dawa, ba ni da aibu sai yawan mafarki. Littattafan soyayya sun cika mini kai, kullum ina ganin kaina na dawo ƙauye da farar jallabiya, Zainaba ɗiyar Baba Idrisa tana leƙena ta bayan darni. Mai teburin ya ce kyamarar ta mutu. Na ce ba komai, ratayawa kawai zan yi.

Da na iso gida aka fara maganar tasjil, wato rajistar masu zaɓen mahalliyya, ƙaramar hukumarmu. Cibiyar tana ƙetaren kogi, tsofaffinmu kuma suna shakkar zuwa. Sun san halin ofis: a dubi sunanka, a saurari harshenka, a ce ka kawo shaidun da suka san kakanka, alhali a bakin kogin nan aka binne shi. Wata tsohuwa ta ga kyamara a wuyana ta tambaya ko hukuma ce ta aiko ni. Na yi shiru, na gyara hula. Daga shirun nan na lalace.

Na bi gida-gida ina tsayar da mutane jikin bango, in danna abin da ba ya ɗaukar komai, in ce tasjil ya yi, in karɓi na shayi. Na ƙetara har ƙauyukan wajen Abu Hujar. Baba Idrisa ya sa rawaninsa na Juma'a ya tsaya mini, ya ce a kawo mini jabana, wato gahawa, yana ta sa mini albarka.

Zainaba ce kaɗai ba ta saki fuska ba. Ta ajiye jabanar, ta tambayi inda abokan aikina suke, na ce suna wani ƙauye. Ta ce in nuna mata hoton babanta, na ce sai an wanke a birnin Madani. Ta daɗe tana kallona, ni kuwa wawa na ɗauka so ne.

"Yaya," in ji ta, "hukumar da ba ta taɓa yarda da mu sai da shaidu, mi ya sa yau ta yarda da mu a tsakar gida?"

Baba ya tsawata mata, ya ce ɗan unguwa ba ya cutar unguwa.

Ranar zaɓe suka cika kwalekwale suka ƙetara. An ba ni labari Baba ne a gaba. Ma'aikacin ya nemi sunansa ya rasa, ya tambaye shi a gaban jama'a ko daga wace ƙasa ya zo. Kujerar ta tafi ga mutumin da bai taɓa taka ƙauyenmu ba, maganar famfon ruwan da ake ta sa rai da ita ta mutu. A tashar Damazin aka kama ni da kyamarar a wuya, Zainaba ce ta kwatanta ta.

Na yi zamana a kurkuku, na fito na tuba, na koma ƙwadago. Samari, ku ji ni: in an ɗauke ku abin da ba ku ba ne, ku yi magana nan take. Tasjil kuwa, kowa ya kai kansa cibiya da ƙafarsa, ya ga an rubuta sunansa da idonsa.

Bayan shekaru ma'aikatan gaskiya suka zo har ƙauye, suka kafa tebur a makaranta. Zainaba ta yi, maƙwabta suka yi. Ta roƙi Baba har da kuka, ya ce an taɓa ɗaukar hotonsa, ya isa. Ya rufe ƙofa har suka tafi. Bara ya rasu, sunansa ba ya cikin masu zaɓen garin da aka haife shi.