Ruwan da Bai Jira Marece Ba

Duk wanda ya san Ruwaida Yakubu ya san ta da ɗan littafi da biro a hannu. 'Yar Damagaram ce, ta uku cikin 'ya'ya bakwai na wani tela a unguwar Birni. Ta zo Faransa tana da shekara goma sha tara, da akwati ɗaya mai kilo ashirin da uku cif, don sau huɗu ta ɗora shi a sikeli kafin ta bar gida. Shekara biyar ta yi a Saint-Denis cikin ɗaki mai mita tara tana karatun sinadarai. Da ta gama ta samu aiki a wata masana'anta a Saint-Fons, kudu da Lyon, inda take auna ruwan da aka gama aiki da shi kafin a sake shi kogi. Kwalba takwas take ɗiba kullum, ta auna, ta rubuta, ta sa hannu. Cikin shekara bakwai ba a taɓa maido mata da takarda don gyara ba.

Ko da ta koma Lyon, ba ta saki ƙungiyar 'yan gida ta Paris ba. Ita ke shirya musu fita ta yini ɗaya kowace shekara: ta nemo kar, wato babbar motar fasinja, ta nemo mai ja-gora, ta raba kujeru, ta aika saƙo sau uku kan lokacin tashi don ta san mutanenta. Sau biyar ta fita da jama'a, sau biyar ta dawo da su ba a rasa ko hular yaro ba. Ƙawarta Achta, 'yar Chadi mai kitso a Château Rouge, ita ta laƙa mata Madam Lissafi, sunan kuwa ya bi ta.

Fita ta shida ta zo daidai da zuwan mahaifinta. Cutar yanar ido ta rufe wa Malam Yakubu ido biyu, shekara huɗu rabonsa da zura zare a allura. Ruwaida ta yi wata goma sha ɗaya tana bin takardu har ya iso, aka yi masa aiki a Lyon. Ranar da aka cire masa bandeji ya daɗe yana kallon tafin hannunsa, sannan ya ce, "Ɗiyata, an ce teku ba shi da ƙarshe. Ina so in gwada idon nan a kansa." Mutum ne da ya tsufa a garin da ake kwana a layin famfo da bido, jarkar ɗiban ruwa. Ruwa mafi girma da ya taɓa gani tafki ne, wanda damina ke cikawa, rani ya shanye.

Ran Asabar cikin watan Yuni, ƙarfe bakwai da minti shida, kar ta bar Saint-Denis. Kujera hamsin da uku, mutum arba'in da tara. Suka tsaya Honfleur awa ɗaya da rabi, aka ga jiragen ruwa, aka ɗauki hoto, aka nufi Étretat, garin da fararen duwatsu suke tsaye a bakin teku kamar katanga. Mai ja-gorar, wata baturiya mai suna Claire, tun safe take ba da tarihi tana dariya. Saura kilomita biyar su isa ta ɗauki makirofo, dariyar ta ɗauke. Ta yi magana a hankali, ta maimaita, ta ɗaga yatsa biyu da rabi tana nuna agogo.

Cikin kar kuwa ana ta hayaniya. Wannan na tambayar inda za a samu abincin halal, waccan na neman cajin waya. Ruwaida na tsaye a tsakiya tana bin sunaye ɗaya bayan ɗaya. Malam Yakubu, wanda faransancinsa bai wuce gaisuwa ba, ya ja gefen mayafinta.

"Me baturiyar nan take cewa? Na ji muryarta ta sake."

"Ta ce kada a bi gindin dutse, Baba. Ruwa na hawa da marée."

"Da marece?"

"Eh, Baba," in ji Ruwaida, idonta na kan suna na talatin da ɗaya.

Marée dai ita ce hawa da saukar teku, sau biyu a yini, ba ruwanta da hadari ko damina. Abin da Claire ta faɗa shi ne daga ƙarfe biyu da rabi ruwa zai fara toshe hanyar gindin dutse. Amma shekara goma sha biyu a Faransa sun sa harshen Ruwaida na tsallakawa daga Hausa zuwa faransanci ba tare da ta ji tsallaken ba. Tsohon ya leƙa taga, ya ga rana tsaye a tsakiyar sama, ko ɗigon gajimare babu. Ya gyara zama.

Da suka sauka, ya tsaya kan tsakuwar bakin teku yana riƙe da baƙin gilashinsa, yana kallo har minti huɗu. Teku ya ja can baya, ya bar fili mai faɗi, da baƙaƙen duwatsu masu gansakuka a warwatse. Ruwaida ta ƙirga manyan, goma sha ɗaya, abin da idonta ke yi ke nan ko ba ta sa shi ba.

"Ashe dai ba shi da ƙarshen," ya ce a ƙarshe. "Subhanallahi. Kuma duk ba mai sha."

Shirin shi ne a hau saman dutse a ga gari daga can. Gwiwar Malam Yakubu ba ta hawa, Achta kuwa ta ce ita ba ta bar shago ran Asabar don ta zo ta hau tsani ba. Ruwaida ta zaunar da su kan benci, ta ba shi ruwa da maganin ɗiga wa ido, ta ce awa ɗaya za ta dawo. Wayarsa na cikin jakarta, don layinsa na gida ne, ba ya aiki a nan.

"Je ki, Madam Lissafi," in ji Achta. "Baba ba akuya ba ne da zai ɓata."

Mutum talatin da huɗu suka hau. A sama iska na kaɗa mayafai, ana ta ihun hoto. Ruwaida ta matsa kusa da Claire ta leƙa ƙasa. Duwatsun nan goma sha ɗaya sun koma huɗu. Babu wata igiyar ruwa mai ban tsoro, babu ƙara. Ruwan dai yana zuwa, yana lasar wuri ya koma, ya dawo ya lasa gaba kaɗan. Can ta hangi wani bature da bokiti yana sauri daga gindin dutse zuwa gari, ruwa har idon sawunsa. Ta sake dubawa, duwatsun sun koma uku. Ta ce wa jama'a a sauka, alhali saura minti goma sha biyu a cikin shirinta.

Achta na kan benci ita kaɗai tana shan gilas, wato askirim.

"Ina Baba?"

"Ya tafi azahar. Ya ce shi ba zai yi sujada tsakiyar mutane tsirara ba, wai idon da aka gyara masa ba don wannan aka gyara ba." Ta yi dariya. "Ya bi can, bayan dutsen, inda ba kowa."

"Tun yaushe?"

"Oh, ma chérie, ni na san? Ya ɗan jima. Kada ki damu, na gaya masa. Na ce Baba, hankali da marée fa."

"Me ya ce miki?"

"Ya dubi sama ya ce, ai da sauran rana, 'yar nan, marece ya..."

Achta ba ta ƙarasa ba. Suka kalli juna. Gilas ɗin ya zube kan zaninta, ba ta ko duba ba.

Ruwaida ta sheƙa. Tsakuwar Étretat ba ta gudu, kowane taku ƙafa nutsewa take. Ta isa inda farin dutsen ya shiga teku, ta tarar da allo mai jan rubutu na gargaɗi, da faransanci da ingilishi, ga mutumin da ajami kaɗai yake karantawa. Hanyar da ya bi babu ita. Ruwa ne launin toka yana dukan dutse yana komawa da tsakuwa, da wata ƙara kamar ana zazzage buhun gero. Ta ƙwala kira, "Baba!" Iska ta maido mata. Ta cire takalmi ta shiga har gwiwa, sanyin ya soke ta har ƙashi, ruwan ya ja ƙafarta kamar hannu. Claire ce ta cafko ta ta baya.

"Non! In kin shiga, mutum biyu za a nema." Waya na kunnen Claire, ta riga ta kira 'yan ceto. "Shekararsa nawa? Me ya sa? Ya iya iyo?"

"Saba'in da ɗaya. Farar riga. Bai iya ba." Ta dubi ruwan. "Bai taɓa shiga ruwan da ya wuce cinyarsa ba."

Claire ta ce a bayan dutsen akwai kogo da tsanin ƙarfe, wanda ya hau can ruwa ba ya cim masa. Ruwaida ta tuna gwiwar da ta hana shi hawa matakala.

Ƙarfe uku da minti ashirin da biyu aka yi kiran. Jama'ar kar suka taru a bayanta, wasu na salati, wasu na ɗaukar bidiyo har Achta ta daka musu tsawa. Wani ya ce ai laifin baturiya ne, da ta yi bayani da kyau. Ruwaida ta juya.

"Ta yi bayani. Ni na fassara."

Ta kafa ido kan wani koren tabo a jikin dutse, taku uku sama da ruwa, don ta samu abin aunawa. Minti shida, ya koma taku biyu. Ita da ke auna ruwa kullum ta san abin da wannan lissafin ke nufi, ta kuma kasa daina yin sa. Ta ga mahaifinta a zuci, ya shimfiɗa rawaninsa ya fuskanci gabas, wato ya fuskanci dutse, ya ba teku baya. Ta san shi. In ya sallame sai ya ja carbi sau uku, ba ya gaggawa.

Ƙarfe huɗu saura kwata kwale-kwalen roba mai inji ya fito daga gaban gari, mutum uku a ciki da jajayen riguna. Ya yi tsalle kan ruwa ya sha kwanar dutse ya ɓace. Koren tabon ya nutse. Direban kar ya zo ya tsaya gefe yana murza hularsa, bai iya cewa lokaci na tafiya ba. Achta ta riƙe hannun Ruwaida tana cewa, "Da na bi shi. Wallahi da na tashi na bi shi."

Minti goma sha tara. Sannan ƙarar inji ta dawo.

Ruwaida ta ƙirga kawuna daga nesa. Ɗaya, biyu, uku. Ta sake ƙirgawa. Uku. Ta durƙusa kan tsakuwa. Sai da kwale-kwalen ya juya gefe ta ga wani abu mai ƙyalli kamar takardar alawa a tsakaninsu, an naɗe mutum a ciki, kwance. Hannu ɗaya baƙi ya fito ya damƙe igiyar gefe gam.

Sun same shi a mataki na biyar na tsanin, ruwa har ƙugu, ya ɗaure damtsensa da rawani a jikin ƙarfe. Babu takalmi, babu gilashi, babu hula. Leɓensa ya yi toka, haƙoransa na kaɗawa. Ta faɗa kansa tana kuka, wani ɗan ceto na cewa a ba su hanya.

"Ɗiyata," ya ce da ƙyar. "Na yanke salla. A raka'a ta uku ruwa ya taɓa mini dunduniya. Shekara sittin ban taɓa yanke salla ba."

"Baba, ni ce. Ban ce marece ba. Marée na ce, kalmarsu ce, ba tamu ba. Ka tambaye ni, na ce eh."

Ya daɗe yana kallonta da jajayen idanun da gishiri ya shiga. Ba ta san abin da yake gani ba, ko yana ganinta ma.

"To," ya ce. "Riƙe mini hannu, sanyi nake ji."

Aka buɗe bayan motar asibiti. Ruwaida ta zaro littafin daga jaka ta miƙa wa Achta.

"Arba'in da bakwai za ki kai Saint-Denis. Ki ƙirga sau biyu."

"Ni da ban iya ƙirga kitso ba?"

"Sau biyu, Achta."

Ta hau ta zauna kusa da gadon. Ma'aikaciyar jinya ta ɗaura masa abin awon jini, ta haska masa ido da 'yar fitila, ta ɓata fuska kaɗan, ta tambayi ranar da aka yi aikin. Aka ja ƙofa, motar ta tashi zuwa asibitin Le Havre.