Maganin Tarwada Na Zuba wa Kifin Kawuna

Assalamu alaikum Edita da masu karatu. A lokacin da wannan abu ya faru, ni matashi ne marar zama wuri ɗaya. Daga aji uku na sakandare na ajiye biro, na ce boko ba ta karɓe ni ba. Na taɓa acaɓa, na taɓa sayar da rake, da siyasa ta dawo na bi motar kamfen har muryata ta dishe, amma babu abin da na yi wata uku a kansa. Da mahaifiyata ta gaji, sai ta tura ni Rano wajen yayanta, kawuna, tsohon direban babbar mota da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar. Hannu ɗaya ke masa aiki, magana kuwa sai ka yi haƙuri kafin kalma guda ta fito.

Babban ɗansa da ke aiki a Kano, wanda nake kira Yaya, shi ya kawo masa akwatin gilashi da kifin ado guda takwas, jajaye da masu ruwan zinare, kowanne bai fi ɗan yatsa ba. Mutumin da ya zaga ƙasar nan a mota, sai ga duniyarsa ta koma cikin akwatin nan. Wuni yake yana kallonsu. Akwai wani mai fitina da ke korar 'yan'uwansa, Kawu ya sa masa suna kwandasta, in ya fara rigimarsa har dariya Kawu yake yi da rabin baki. Yaya ya damƙa mini kula da su, ya ce abinci ɗan tsunkule sau biyu a rana, ruwa a rage kaɗan a ƙara sabo duk mako, kuma ko tsinke kada in saka ciki. Har ya tsokane ni, wai in na iya wata uku da kifi to zan iya riƙe mata.

Wata Juma'a muka je wanka bakin ruwa wajen Rurum da abokai, na kamo 'yan ƙananan kifi uku a gora. A ganina gwaninta zan yi, in ƙara wa Kawu yawan abin kallo. Na juye su ciki yana gyangyaɗi. Ba a yi mako ba sai ga fararen ɗige-ɗige a jikin kifin adon, kamar an barbaɗa musu garin gero. Suka daina cin abinci, suna goga jiki da duwatsun ƙasa, sun tsuke fukafukansu. Da Yaya ya bugo waya na gaya masa, abin da ya fara tambaya shi ne ko na saka wani abu a ruwan. Wallahi na ji tambayar sarai, na ce masa ban saka komai ba. Ya ce to kada in taɓa, ranar Asabar zai zo da magani.

Tsoro ya hana ni jiran Asabar. Na tsame kifin rafin na zubar, na hau mashin sai Kibiya wajen wani abokina mai kiwon tarwada. Ya yi mini dariya, wai yaushe na zama likitan kifi ni da ko akuya ban taɓa kiwo ba. Ya ce su dai gishiri suke watsawa, su murza shuwaka, su fasa kafso ja-da-rawaya a ruwan. Bai tambaye ni girman kifin ba, ni ma ban faɗa ba, don kada ya raina ni. Shi yana maganar tarwada ɗari-ɗari a kududdufin siminti, ni kuwa ruwana bai fi bokiti uku ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne a gaban Kawu na yi aikin. Na zuba gishiri cike da tafin hannu har sau biyu, na fasa kafso shida, na tace ruwan shuwaka na tuttula. Kawu yana ɗaga hannunsa mai lafiya, yana buga gefen gado, yana ta ƙoƙarin fitar da magana. Na san hana ni yake yi, amma na juya masa baya, ina ce masa ya kwantar da hankalinsa, na san aikina. Ruwan ya rine ya koma kamar miyar kuka. Kafin a kira la'asar kwandasta ya fara juya ciki sama, sauran suka bi shi ɗaya bayan ɗaya. Da na waiwayo, hawaye na gani yana gangara zuwa kunnen Kawu, ga shi ko sharewa bai yi ba.

Da Yaya ya zo na faɗa masa gaskiyar duk abin da na yi, sai ya ciro wata 'yar kwalba daga aljihu, ya ce ciwon nan sananne ne, baƙon kifi ke kawo shi, ɗigo kaɗan da ruwa mai ɗan ɗumi sun isa. Ya ce da na faɗi gaskiya a waya, da tun ranar ya taho. Bai zage ni ba, kuma da zagin ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya ce zai sayo wasu, Kawu ya girgiza kai, ya nuna a fitar da akwatin. Daga nan har Allah ya karɓi ransa, bango yake kallo. Na roƙe shi gafara, ya dafa kaina, amma ban sake jin dariyarsa ba.

Yau ina da iyali da sana'ata, amma abin bai bar ni ba. Jahilci bai kai ƙaryar da na yi laifi ba, don ita ta kai ni ga komai. 'Yan'uwana matasa, in an ba ku amanar abu mai rai, ku faɗi ɓarnar da kuka yi tun tana gyaruwa, kuma kada ku ɗauki maganin wani ku ɗura wa wani. Mara lafiyan da ya kasa magana kuwa, in ya ɗaga muku hannu, ku tsaya. Ni ban tsaya ba. Ku sa kawuna a addu'a, Allah ya jiƙansa, ni kuma ya yafe mini.