Loma Uku a Rumfar Iya Mojere

Baba Ojediran masaƙi ne a Iseyin, shekara arba'in yana zaune gaban masaƙa. Tun da matarsa ta rasu, 'ya'ya suka watse Legas, bai cika buɗe baki ba sai a rumfar Iya Mojere mai tuƙa amala, inda yake haɗuwa da tsofaffin abokansa bayan azahar.

Bara zuciyarsa ta soma fizge-fizge kamar kifi a tudu. 'Yarsa ta kai shi asibiti a Legas, likitoci suka zura siririyar waya ta jijiyar cinya, suka ƙona ɗan wurin da ke rikita bugun. Zuciya ta natsu. Sai ciki ya ɗauko nasa. Loma uku ya cika fam, abin da ya ci da rana yana nan zaune har magariba. Likita ya ce zafin ya taɓa jijiyar da ke tura abinci, sai haƙuri.

Bai gaya wa kowa ba. Dattijo ba ya kai zancen kumburin ciki da gyatsa gaban mace. Ranar farko da ya koma rumfar ya bar rabin kwano, washegari ma haka. A Iseyin kuwa, in wanda ya saba cin girkinki ya soma ragewa, to zargin hannunki yake yi.

"Baba, wa ya ce maka ina barbaɗa wani abu?" in ji Iya Mojere, ludayi a hannu.

Salawu tela ya ƙyalƙyale da dariya. "Rabu da shi, Iya. Ya ɗanɗano na Legas, harshe ya yi girman kai."

Baba Ojediran ya wanke hannu ya fita. Wata biyu yana shan koko a tsakar gida, ba mai ce masa sannu.

Wata Laraba ya koma, da ɗan farantin shayi a aljihu.

"Iya, zuciya suka gyara, suka bar ciki da fushi. Ba hannunki ba ne."

Ta dube shi, ta dubi farantin. "Shi ne har wata biyu? Tsoho da kunyar amarya!"

Ta ɗora masa amala kamar ƙwan kaza, ta malala miyar wake. Kafin ya kai loma ta biyu su Salawu sun share kwanuka sun koma bakin aiki. Ya rage shi kaɗai a benci, yana haɗiya yana hutawa. Ita tana can tana kankare tukunya, ba ta ce ya yi sauri ba.